Tallan filaye a Abuja: sunan unguwa daban, inda filin yake daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu dama a jaridarka mu ja hankalin jama'a, musamman 'yan'uwanmu da ke aiko da kuɗi daga Kano, Kaduna, Sakkwato ko ƙasashen waje a saya musu fili ko gida a Abuja, kan yadda ake sanya wa wurare suna a cikin talla. Mu masu aikin safiyo ne da ƙiyasta darajar gidaje, kuma a ganinmu wannan matsala ta fi ta takardun jabu yawan cin mutane, domin ita ba ta buƙatar a buga takardar ƙarya ko ɗaya. Suna kawai ake arowa.

Wanda ya leƙa shafukan tallan gidaje na intanet ko zaurukan WhatsApp na dillalai zai ɗauka rabin Abuja Maitama ce, sauran rabin kuma Asokoro da Gwarinpa. Za ka ga "Maitama Extension", "Asokoro 2", "Gwarinpa Extension", "bayan Life Camp", "Airport Road". Wasu daga cikin sunayen nan na gwamnati ne, wasu kuma dillalai ne suka raɗa su. Mai saye da ke nesa ba shi da hanyar bambancewa, alhali bambancin farashi tsakanin wurin da aka ambata da wurin da filin yake yana iya zama ninki da yawa.

Kusan kowane wuri a Abuja yana da suna hawa uku. Akwai sunan ƙauyen asali na Gbagyi, Koro, Gade ko Gwandara da aka tarar lokacin da gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976. Akwai sunan gunduma da ke cikin taswirar gwamnati, wanda ya samo asali daga babban tsarin birnin na 1979. Sai kuma sunan kasuwa, wanda yake tafiya da bakin 'yan acaba, direbobin tasi da dillalai. Waɗannan ukun ba su cika dacewa da juna ba. Masu tsara birni sun ɗauki sunayen ƙauyuka sun ɗora a kan gundumomin da suka zana iyakokinsu da manyan tituna da rafuka, ba da iyakar gonakin ƙauyen ba. A wasu wuraren ma an kwashe mutanen an bar sunan: mutanen Wuse na asali suna Sabon Wuse a jihar Neja, an kai wasu mutanen Maitama Kubwa. Saboda haka idan mai unguwa ya ce nan ƙasar ƙauyensu ce, taswirar gwamnati kuma ta kira wurin da wani suna, yana yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Amma ɗaya ne kawai kotu da banki suke aiki da shi.

Sunan da doka ta sani shi ne na shiyyar taswira, wadda ake rubutawa da harafi da lamba. Kashi na farko na birnin harafinsa A ne: A00 tsakiyar birni, A01 Garki I, A02 Wuse I, A03 Garki II, A04 Asokoro, A05 da A06 Maitama, A07 da A08 Wuse II, A09 Guzape. Kashi na biyu B ne, inda ake da Gudu B01, Durumi B02, Wuye B03, Jabi B04, Utako B05, Mabushi B06, Katampe B07, Jahi B08, Kado B09. Kashi na uku C ne, kamar Karmo C01, Gwarinpa I C02, Gwarinpa II C03, Dape C04, Kafe C05, Galadimawa C07, Lokogoma C09. Kashi na huɗu, inda Karsana take, D ne. Duk takardar da ministan Abuja ya bayar, ko ta tayin fili ce da ake kira R of O, ko cikakkiyar shaidar mallaka C of O, wannan lambar tana jikinta tare da lambar fuloti da lambar fayil. Ita ce adireshin fili na haƙiƙa, kuma ita ce tallace-tallace suka fi ƙin rubutawa.

A ɗauki Maitama. Maitama da kowa ya sani ita ce A05 da A06. Akwai kuma Maitama II, shiyyar A10, gunduma ce ta gwamnati da aka raba wa mutane fulotai a cikinta, sai dai ayyukan titi da ruwa ba su kai na tsohuwar ba ko kusa. Daga nan sai Mpape, wadda ke kan duwatsu bayan babban titin Murtala Mohammed, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari, inda kamfanonin fasa dutse suke aiki, kuma yawancin gidajenta an gina su ne a kan filayen da aka saya a hannun masu unguwanni. A 2012 hukumar Abuja ta yi shelar rusa Mpape, mazauna suka kai ƙara, shari'ar ta ɗauki shekaru. In ka ƙara gaba bayan Mpape za ka faɗa yankin Gurku da Kabusu, wanda ƙasar jihar Nasarawa ce. Duk waɗannan wurare huɗu ana iya tallata su da kalmar Maitama. Hukumomin da ke ba da takarda a cikinsu ba ɗaya ba ne, haɗarin rusau ba ɗaya ba ne, farashi kuwa ba a ma magana.

Gwarinpa ma haka take. Rukunin gidajen da aka gina zamanin Janar Sani Abacha shi ne Gwarinpa II, kuma galibin takardunsa na Hukumar Gidaje ta Tarayya ne, FHA, don haka can ake zuwa bincike. Abin da ake kira "Gwarinpa Extension" a talla sau da yawa Karsana ce, ko kuma Dawaki, wadda ke tsallaken titin Kubwa a ƙarƙashin Bwari, alhali Gwarinpa tana ƙarƙashin AMAC, ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja. Life Camp kuwa ba sunan gunduma ba ne tun asali. Masaukin ma'aikatan kamfanonin gine-gine ne sunansa ya bi wurin, a takarda Gwarinpa I ake rubutawa. Yau sunan ya miƙe ya rufe Dape da Kafe da Mbora har ya doshi Karmo. Apo ta fi su duka rikitarwa: gidajen 'yan majalisa na Apo a gundumar Gudu suke, akwai Apo ta sake tsugunar da mutanen Garki, akwai Apo ta makanikai, akwai Apo-Dutse, sannan ana jan sunan har Waru da Wasa, masu nisan gaske daga gari. Shi kuwa "Airport Road" titi ne, ba unguwa ba. Daga ƙofar birni zuwa filin jirgin sama tafiya ce ta gomman kilomita, kuma ana liƙa sunan a kan Lugbe, Pyakasa, Sabon Lugbe, Kyami, har da filayen da sai ka ratse ka nufi Kuje.

Kada a ɗauka duk inda aka ga kalmar "Extension" yaudara ce. Katampe Extension gunduma ce ta gwamnati mai lamba B19, tana da tituna masu kwalta da magudanan ruwa, har ta riga wasu sassan Katampe ta asali samun ayyuka. Wannan ne ma ya sa abin yake ruɗa mutane: mai saye ya san akwai ta gaskiya, sai ya ɗauka sauran ma haka suke.

Inda abin ya fi muni shi ne bakin iyakar jihohi. A hanyar Keffi, Nyanya da Karu suna cikin Abuja, amma Mararaba, New Nyanya, New Karu, Ado da Masaka suna ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Gari ya haɗe, babu daji a tsakani, kwasta ɗaya ce ke ɗaukar kowa. A hanyar Kaduna, Zuba tana Abuja, Madalla da Suleja suna Neja, har da Dutsen Zuma da ake sanya hotonsa a tallan "filin Abuja". Ba aibu ba ne fili ya kasance a Nasarawa ko Neja. Aibun shi ne a sayar da shi da sunan Abuja, domin abubuwa da yawa suna rataye a kan wannan iyaka. Gwamna ne ke sa hannu a C of O na Masaka, kuma a NAGIS, hukumar bayanan filaye ta Nasarawa, ake bincikensa, ba a takwararta ta Abuja, AGIS, ba. In rigima ta tashi, babbar kotun jihar da filin yake ce ke da hurumi, lauya zai ɓata wata da watanni in ya shigar da ƙara a Abuja. Izinin gini, harajin fili, harajin albashi da ake biya bisa inda mutum ke zaune, duk suna bin iyakar. A wasu ƙauyukan bakin iyaka ma ana jayayya kan ainihin inda layin ya ratsa, kuma warware wannan aikin Hukumar Iyakoki ta Ƙasa ne, ba na dillali ko mai unguwa ba. Wanda ya sayi fili a irin wurin nan zai iya tarar da hukumomi biyu kowacce tana cewa nata ne.

Akwai wani abu da masu saye daga jihohin Arewa suke yawan tuntuɓe a kai, saboda sun saba da tsarin gida. A Kano ko Zariya mutum yana sayen filin awon igiya da takardar mai unguwa da shaidu, daga baya ya nemi gwamnati ta mayar masa da ita C of O, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a yankunan da ba birni ba. A Abuja ba haka ba ne. Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ƙasar Babban Birnin Tarayya ga gwamnatin tarayya, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar Madu da Madu ta 2008 ta tabbatar cewa ministan Abuja ne ke da ikon rabon fili. Takardar mai unguwa a nan ba ta ba ka ƙasar ba. Ko takardun da ƙananan hukumomin Abuja shida suka riƙa bayarwa a da, an tattara su tun 2006 domin tantancewa, kuma a 2025 hukumar Abuja da kanta ta ce cikin takardu sama da 260,000 da aka miƙa, waɗanda aka duba ba su kai 10,000 ba. To mai C of O na Nasarawa a Masaka ya fi mai takardar dagaci a cikin Abuja kwanciyar hankali, ko da yake na biyun ne adireshinsa ya fi daɗin faɗa a gidan biki.

Ga abin da muke ba mai saye shawara ya yi, kuma a bi shi a jere, domin tsallake mataki ɗaya yana lalata sauran.

Kafin ka je ganin wuri, kafin ka ba da kuɗin mota ko kafin alƙalami, ka nemi abu huɗu a rubuce: lambar fuloti, lambar shiyya, lambar fayil, da hukumar da ta ba da takardar. Lambar fayil ta mutum ɗaya tana farawa da haruffan jiharsa, kamar KN ko KD, ta kamfani kuma da MISC. Dillalin da ya ce sai ka nuna da gaske kake kafin ya faɗi shiyya, yana iya ɓoye lambar fayil don tsoron kada a zagaye shi a hana shi la'ada, wannan uzuri ne da ake fahimta. Amma babu dalilin ɓoye shiyya. Idan talla ta ce Asokoro, takarda ta ce A09, Guzape ce, wuri ne mai daraja amma da farashin Guzape za a yi ciniki. Idan lambar ba ta fara da A ba sam, to ba a cikin kashi na farko na birnin kake ba, ko da daga filin ana hango fitilun Asokoro.

Bayan haka sai bincike a AGIS, hukumar da aka kafa a 2003 zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Abuja, wadda ofishinta ke tsakiyar birni. Ana shigar da takardar neman bincike da kwafin takardun filin, a biya kuɗin hukuma ta hanyar da ta tsara, ba a hannun wani ba. Rahoton zai nuna sunan mai fili, gunduma, girma, abin da aka ware filin domin shi, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙara a kansa, ko an soke shi. Ka duba bashin harajin fili ma, domin a watan Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya soke takardu 4,794 saboda rashin biyansa, a gundumomi mafi tsada na kashi na farko. Lauyanka ne zai yi binciken, ba lauyan mai sayarwa ba, kuma kada ka karɓi rahoton da dillali ya miƙo maka daga jakarsa.

Sai dai rahoton AGIS yana tabbatar da cewa takardar gaskiya ce, ba ya tabbatar da cewa filin da aka nuna maka shi ne na takardar. A nan ne aka fi cutar mutane: takarda sahihiya ta wani fuloti da ke cikin kwazazzabo ko kan dutse, a kai ka wani shimfiɗaɗɗen wuri kusa da kwalta a ce shi ne. Maganinsa safiyo mai rajista da SURCON, hukumar masu aikin safiyo ta ƙasa, wanda kai ka ɗauko. Zai ɗauki taswirar fulotin da ke haɗe da takarda, wadda ke ɗauke da lambobin turakun siminti na kusurwoyi da ma'aunin wurin kowanne, ya je da na'urarsa ya fitar da su a ƙasa, ya ga ko sun faɗa inda aka nuna. Kada ka dogara da turakun da ka tarar a kafe, ana tuge su a matsar, ana ma zuba sababbi a rubuta lamba. Kada kuma ka dogara da wayarka. GPS na waya yana kuskuren mita da dama ko a fili, kuma akwai babbar matsala da ba kowa ya sani ba: takardun safiyo da yawa a Najeriya an auna su ne da tsarin ma'aunin wuri da ake kira Minna, waya da Google Maps kuma suna aiki da tsarin WGS84. In aka zuba lambobin wancan cikin wannan ba tare da an juya su ba, wurin yana gocewa da gomman mitoci, wani lokaci fiye da ɗari. Fulotin ƙafa 50 da 100 faɗinsa mita 15 ne, girmansa kusan murabba'in mita 465. Gocewar mita 75 ta isa ta kai ka fuloti na biyar daga naka, a bakin iyaka kuma ta isa ta kai ka wata gunduma ko wata jiha. Alamar da ake turo wa mutum ta taswirar waya ma ba hujja ba ce, duk mai sana'a yana iya dasa tasa ya rubuta sunan unguwar da ya ga dama.

Masu sayen fuloti a cikin rukunin gidaje na kamfani suna da ƙarin aiki. Takardar da kamfani ke ba ka wasiƙar rabo ce tasa, ba ta gwamnati ba. Ka nemi uwar takardar da gwamnati ta ba kamfanin, ka karanta gundumar da aka rubuta a ciki da yawan hekta, ka ga tsarin wurin da Sashen Kula da Gine-gine ya amince da shi, sannan safiyo ya tabbatar fulotinka yana cikin da'irar. Yakan faru kamfani yana da hekta biyar a takarda ya katange takwas, ragowar ukun kuwa hanyar ruwa ce, ko wurin da aka ware don titi, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ambaliyar da ta sha yin ɓarna a Lokogoma da sassan Lugbe, da rusau ɗin da ke biyo bayanta, galibi a irin wannan rarar suke faɗawa.

Mai haya ba ya buƙatar duk wannan, amma shi ma sunan yana cin aljihunsa, tunda la'adar dillali kaso ce ta kuɗin haya, ana ƙara suna tana ƙaruwa. Ya je da ƙafarsa ranar aiki da ƙarfe bakwai na safe ya auna "minti goma sha biyar zuwa gari" da aka rubuta, domin a hanyar Nyanya wannan lissafin na ranar Lahadi ne. Ya duba takardar kuɗin wuta ta kamfanin rarraba lantarki AEDC ya ga rukunin da layin yake, don awannin wuta da farashinta layi suke bi, ba sunan unguwa ba. Ya tambayi maƙwabta ko ruwan famfo na zuwa ko sai rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, ya kuma ga hanyar da damina.

Ba mu ɗora laifin duka a kan dillalai ba. Shafukan talla na intanet suna ba da jerin unguwanni kaɗan da za a zaɓa, masu nema kuma sunaye biyar ko shida suke rubutawa, don haka wanda ya rubuta Karsana gaskiya tallarsa ba ta fitowa, wanda ya rubuta Gwarinpa wayarsa ba ta hutawa. Hukuma ma ta ba da ƙofa: babu allunan da ke nuna inda gunduma ta ƙare a yawancin wurare, taswirar shiyyoyi ba ta hannun talaka, kuma duk wanda ya buga kati ya zama dillali. Masu saye su ma suna son sunan, wani ya san sarai a Mpape yake amma Maitama yake faɗa wa surukansa.

Gyaran da muke nema ba mai tsada ba ne. Hukumar Abuja ta saki taswirar gundumomi da shiyyoyi a intanet kyauta, yadda mutum zai zuba ma'aunin wuri ya ga shiyya da ƙaramar hukuma ba tare da ya ga sunan mai fili ba. Hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace, da hukumar kare masu saye FCCPC da dokarta ta 2018 ta haramta yaudarar mai saye, su ɗauki sanya wa fili sunan wata gunduma a matsayin tallar yaudara. Legas tana da hukumar LASRERA mai yi wa dillalan gidaje rajista, Abuja na buƙatar irinta mai haƙora. Su kuma shafukan talla su ƙara gurbi biyu na dole, jiha da shiyya, su bar sunan kasuwa a matsayin kwatance.

Kai ma, Malam Edita, akwai abin da ke hannunka, tunda jaridu da gidajen rediyon Hausa suna karɓar tallan filayen Abuja, musamman masu cewa a biya kaɗan-kaɗan. Muna roƙon sashen tallanku ya ƙi karɓar duk wadda ba ta faɗi jiha, ƙaramar hukuma, shiyya da irin takardar filin ba, a rubuta su da girman rubutun da aka rubuta farashi. A rediyo kuma a faɗe su a fili cikin sanarwar, kafin a karanto lambar waya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan safiyo da ƙiyasta darajar gidaje,
Abuja.